Farar Roba Mai Sunan Jumare

Shafi na 27

Masu cika mini waya da "wai me ke cin Hapsatu ne, tun da aka sallamo mijinta ba ta ƙara dariya ba?" to ku gyara zama. Ke kuma da kika ce in daina ambaton dubura a labari saboda yara na karantawa, ki yi haƙuri 'yar'uwa. Kunyar ambaton nata ce ta kai Jumare inda yake.

*

Yau sati bakwai cif da aka yi wa Jumare aiki.

Ciwon daji ne ya kama masa ƙarshen hanji. Ya shekara biyu yana shan jiƙe-jiƙen basir kafin ya yarda likita ya duba shi, da aka duba kuwa aka ce babu wata dabara sai an yanke ƙarshen hanjin har da duburar baki ɗaya. Aka yanke, aka ɗinke wurin ruf, aka buɗe masa wata ƙofa a gefen cikinsa na hagu ana manna mata leda. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana bin shanu daga Keffi har bakin Binuwai, yanzu ko zama ba ya iyawa, sai dai ya kishingiɗa a gefe ɗaya.

Matarsa Hapsatu ta dawo daga tallan nono ana kiran sallar azahar. Tun daga bakin zana warin ya tarbe ta.

Warin asibiti ne, wani mai yaji da ke hawa ido. Sati bakwai ke nan yana bin ta. Ta ji shi a kindirmo, ta ji shi a ruwan alwala, ranar nan har a jikin sabon zanen da ba a taɓa ɗaurawa ba. Ta tambayi abokan tallanta ko suna ji, suka ce su dai man shanu suke ji. Daga ranar ta kama bakinta, ta san a kanta abin yake.

Amma na yau ya fi na kullum ƙarfi.

Ta yi sallama. Jumare na kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin rumfa, idanunsa jajir, tafin hannunsa ya yi fari-fari kamar wanda ya wuni yana wanki. Takalman robarsa na gefe, jar laka ta manne musu.

"Malam, fita ka yi?"

"Ba likita ne ya ce in riƙa taka ƙafa ba?"

"A tsakar gida ya ce."

"Tsakar gidan nan ko ɗan maraƙi ba zai miƙe ƙafa a cikinta ba."

Gaskiya ya faɗa. Ɗaki biyu ne na bulo a gefen Jigwada, nan suka raɓe tun bara da masu ƙasa suka sayar wa mutanen Abuja filin rugarsu. Samarin gidan suka kora shanun kudu, aka bar tsofaffin da 'yarsu Ikhlas mai karatu a jami'a.

Hapsatu ta sauke ƙwarya, idonta ya faɗa kan butarsa. Tana nan inda ta ajiye ta da safe, ko motsa ta ba a yi ba.

Ta tsaya cak tana kallonta.

Ku da kuke biye da mu kun san zancen butar nan. Tun da aka sallamo shi, sau huɗu sau biyar a wuni Jumare zai miƙe da ƙyar, ya ɗauki buta ya zaga bayan ɗaki. Ya tsaya. Ya dawo da butar a cike. In aka tambaye shi sai ya ce, "Kirana yake yi." Sista Judit, nas ɗin da ke maƙwabtaka da su, wadda ta koya musu canza leda, ta ce ba wani abu ba ne, jiki ne bai manta da abin da aka raba shi da shi ba, da yawa waɗanda aka yi wa irin aikin suna jin haka.

Kowa ya yarda da Sista. Sai ranar da aka tafka ruwan sama Jumare ya ce, yana kallon rufin kwano,

"Sanyi nake ji a wurin. Irin sanyin jiƙaƙƙiyar ƙasa."

Ikhlas ta yi dariya ta ce Baffa da abin dariya yake. Hapsatu kuwa ludayin da ke hannunta ne ya suɓuce.

"Malam," ta ce yanzu, muryarta ƙasa-ƙasa, "yau ba ka zaga ba?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

Ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ta, dogon kallon da rabonta da shi tun suna amarci.

"Ya daina kirana, Hapsatu."

Wata matar da hamdala za ta yi. Ita kuwa sai ta juya ta shige madafa.

*

Bayan la'asar Ikhlas ta shigo, hijabinta duk ƙurar hanya. Ta durƙusa ta gaida mahaifinta a gurguje, ba ta ko ajiye jaka ba ta bi uwarta madafa, ta ja ƙyauren zanar.

"Inna, daga Abuja nake."

"Sannu da hanya."

"Daga wurin masu gwajin nama nake."

Hapsatu ta ci gaba da dama furar da ta riga ta damu.

"Sun ce a dawo ko? Haka suke ce mini kullum."

"Yaushe suka ce miki?"

Hapsatu ta sunkuyar da kai kan ƙwaryar, Ikhlas ta ci gaba.

"Littafi uku suka buɗe mini, Inna. Suka duba kwamfuta. Matar har ta bar abincinta ta shiga ɗakin ajiya tana ɗaga robobi ɗaya bayan ɗaya. Babu sunan Baffa."

"Wataƙila sun ɓatar."

"Haka na ce. Na yi musu rashin kunya a gaban mutane, na ce sun ɓatar da naman ubana. Matar ta bari na gama, ta ce, 'Yarinya, je ki tambayi wanda aka aika.'"

"Yi a hankali, zai ji."

"Ina takardar da suka ba ki?"

"Na ce miki ta jiƙe a ruwa."

"Wane bene kika hau? Wace irin ƙofa ce? Mace ce ta karɓa ko namiji?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hapsatu ta tsayar da damun.

Ikhlas ta zube a gabanta, ta riƙe mata gwiwa.

"Inna, kin fa ji abin da likita ya ce da kunnenki. Sai an gwada naman nan za a san ko ciwon ya tsaya a inda aka yanke, ko ya riga ya tsallaka cikin kaluluwa. In ya tsallaka, kemo, maganin daji, za a fara masa kafin wata biyu su cika. In bai tsallaka ba, ya ce ba zai ɗura wa jikin da ya rame haka magani mai ƙarfi a banza ba, maganin kansa na iya kayar da shi. Ya ce ba zai yi harbi a duhu ba. Saura sati ɗaya, Inna. Ina kika kai robar?"

Hapsatu ta ajiye ludayin. Abin mamaki, sai ta ji wani sauƙi-sauƙi, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka aka ce ya sauke ko da a kan ƙaya ne.

"Na shiga motar," ta ce. "Wallahi na shiga."

Ga yadda aka yi. Ranar aikin wata nas ta fito daga tiyata riƙe da farar roba mai murfi, kamar ƙaramin bokitin fenti. An naɗe bakin murfin da filasta, an rubuta JUMARE a jiki. Ta ce abin da aka cire ne ke ciki a ruwan magani, a nan ba a yin gwajin, sai a kai Abuja da safe. Ikhlas a lokacin tana kwance jiri na ɗibarta, jini leda biyu aka ɗiba a jikinta aka ƙara wa uban. Hapsatu ta ce ita za ta kai. Me ke cikin kai roba ga matar da ta shekara talatin tana ɗaukar ƙwarya uku a ka?

"Yaron mota ya ce in sa a but ɗin motar, na ƙi. Na ɗora a cinyata. Wata mata a gefena ta ce, 'Fulani, nono ne? Buɗe mu ɗanɗana.' Na ce ba nono ba ne. Sai wani saurayi mai tabarau ya leƙo daga baya, ya zare takardar da ke hannuna ya karanta."

Ta kawar da kai, ta ci gaba.

"Ya ce, 'Kai jama'a, naman mutum ne.' Matar ta ja jikinta. Aka ce naman ina? Ya faɗa da Turanci. Aka ce ya fassara."

"Ya fassara?"

"Da ƙarfi. Ya ce, 'Duburar mijinta ce.'"

Ikhlas ta runtse ido.

"Wasu suka yi salati, wasu suka ƙunshe dariya. Shi ko a jikinsa, karatu yake nuna musu. Ya ce yanka shi za a yi siriri-siriri, ya fi yankan albasa, a shimfiɗa a gilashi, ɗalibai su yi layi suna leƙawa. Na ce in sun gama za su ba ni in tafi da shi? Ya ce ina, ajiye shi za a yi a kanta, in ya daɗe a haɗa da sharar asibiti a ƙone."

"Inna, shi wane ne? Wani ɗan iska a mota..."

"Shekara talatin da huɗu ina auren ubanki, ban taɓa ganin ya cire hula a gaban baƙo ba. Sai ni zan ɗauki tsiraicinsa da hannuna in kai wa 'yan makaranta su yi layi? Sannan a ƙone? Musulmi, a sa masa wuta tun a duniya?"

Muryarta ta tashi, ta yi maza ta danne.

"Mu ko farce muka yanke binnewa muke yi. Gashi binnewa. Haƙori binnewa. Ke kanki mabiyiyarki ni na nuna inda za a haƙa mata. Muna isa Uke na ce a sauke ni."

"Kika kai shi ina?"

"Tsohuwar ruga. Gindin ɗorawa, inda na binne mabiyiyarku ku bakwai, har da ta biyun da suka koma."

Ikhlas ta saki gwiwar uwarta a hankali, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Na ce a raina ai sun yanke ciwon, sun cire, me ya rage? Ban san a jikin naman amsar take ba. Sai ranar da muka koma likita ya yi bayani. Na so in faɗa, wallahi na so. Na dubi fuskarki, na dubi tasa, bakina ya mutu."

"Sati shida kina barina ina zagin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba."

"Sati bakwai ina jin warinsa a cikin nono."

"Kin binne masa amsa, Inna. Kin binne..."

Ni dai ban ga laifin yarinyar ba, amma wallahi tausayin uwar ya fi kama ni. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ta san ta rasa.

Ikhlas ta zaro waya, ta kira Sista Judit. Ta yi mata bayani a dunƙule, rabi Hausa rabi kuka. Daga can muryar Sista ta fito a tsaye.

"Tsaya, daina kuka. Tambaye ta, ta buɗe robar?"

"Inna, kin buɗe?"

Hapsatu ta ɗago kamar an zage ta.

"In buɗe in ga me? Abin da ko yana jikinsa ban taɓa ɗaga ido na kalla ba? Farin ƙyalle na saya yadi biyu, na naɗe robar yadda take, na sa a rami."

"Godiya ga Allah!" in ji Sista Judit, har wayar na ƙara. "Mama, kunyarki ta yi rana. Ruwan da ke ciki ba ya barin nama ya ruɓe. In dai murfin na nan a rufe, ruwan bai zube ba, zai gwadu. Ku tashi yanzu-yanzu ku tono. Gobe da sassafe ni zan kai da kaina, in tsaya a kansu."

Uwa da 'ya suka dubi juna. Ikhlas ta laluba bayan murhu inda ake jingine fartanya, ba ta nan. Ta ɗauki tsohuwar adda.

Da za su fita Jumare na nan yadda yake, fuskarsa na kallon zana.

"Baffa, za mu je dubiya mu dawo."

"A dawo lafiya," ya ce, bai juyo ba.

*

Tafiyar rabin awa ce a ƙafa. Hapsatu ta san hanyar ko ido rufe, amma yau sau biyu tana tsayawa tana waige-waige. Inda burtali yake an ja waya. Inda suke shanya wanki an kafa injin buga bulo. Tun ranar da aka tashi rugagen wajen Masaka Jumare ya ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, mutane suka ce ya cika baƙin baki.

Ranar da ta zo da robar, turaku ne kawai a filin, an shafa musu jan fenti. Yau katanga ce ta kai kafaɗa, da ƙofar ƙarfe, da wani ƙaton allo mai hoton gidaje farare da motoci a gabansu.

Hapsatu ta ɗaga kai tana neman ɗorawar.

Sama kawai ta gani.

"Inna..."

"Tana nan. Daga nan ake hango ta. Tana nan."

Suka kutsa ta ƙofar. Itaciyar na kwance an yanka ta gunduwa-gunduwa, ganyen ya bushe. Kututturen ma an tumɓuke. A inda yake an haƙa dogayen ramukan harsashin gini, ruwan sama ya kwanta a ciki ja-ja.

Hapsatu ta shiga zagaye wurin tana ƙirga taku. Taku huɗu gabas da gindin. Amma ina gindin? Ta koma ta sake farawa daga wani wurin. Nan ta zauna ta yi wa Ikhlas kitson fari. Nan aka yi zaman makokin yaranta biyu. Ƙasar duk an juye ta ciki ya koma waje, ba ta gane ko taki ɗaya ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a daji, ta ji kamar su bakwai ɗin duk suna ƙarƙashin ƙafarta suna jira ta faɗi inda ta kai su.

"Kai, su waye nan? Ba a shiga fa!"

Wani ƙaƙƙarfan mutum ne ya taho da hular kwano a ka. Da ya matso sai ya sassauta.

"A'a, Mama mai nono? Ni ne Gamaliel, shugaban lebura. Kin manta? Ina shan fura wajenki a bakin tasha."

Hapsatu na can tana kallon ƙasa. Ikhlas ce ta yi ƙarfin hali.

"Don Allah Oga, da kuna haƙa nan, ba ku ga wata roba ba? Fara, an naɗe ta da farin ƙyalle."

Gamaliel ya ja da baya taku ɗaya, ya cire hular kwanon.

"Ku ne masu shi?"

"Kun gani?"

"Mun gani? Madam, abin nan ya tsayar mana da aiki kwana biyu! Shekaranjiya yarana suna haƙa, shebur ya ja farin ƙyalle. Kowa ya watse. Wani ya ce kabarin jariri ne. Wani ya ce Fulani ne suka binne asiri saboda an kore su, duk wanda ya kwana a gidan ba zai tashi ba. Birkila biyu sun tattara kayansu sun tafi, har yau ba su dawo ba."

"Kun fasa?" in ji Ikhlas. "Kun buɗe?"

"Wa zai buɗe? Ni ina da yara huɗu. Da dogon katako muka tura shi gefe, muka kifa masa baro."

Ikhlas ta dafe ƙirji. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi! Ina baron?"

"Ga baro can. Amma abin ba ya ciki."

"Kamar yaya?"

"Ƙyallen ya ɗan yage, sai muka ga rubutu a jiki. Jumare. Wani yarona ya ce ya san mai sunan, a nan rugarsa take da. Na aike shi jiya ya faɗa masa, in nasa ne ya zo ya ɗauke mana, mu ba ma son wahala."

Hapsatu ta ji warin nan ya taso mata, ya cika mata hanci da maƙogwaro.

"Ya zo?" ta ce.

"Yau da safe, wajen ƙarfe tara. Dogon dattijo, yana dogara sanda, yana tafiya ƙafa a buɗe kamar mai ciwo. Da fartanya a kafaɗa. Na tausaya masa, na ce Baba bari a kai ka a mashin. Ya ce shi ba ya zama."

"Me ya ce da ya gani?"

"Ya daɗe a tsaye yana kallo. Na ce Baba, abeg faɗa mana gaskiya, asiri ne? Ya ce a'a. Na ce to mene ne?"

Gamaliel ya shafa ƙeya.

"Ya ce, 'Ni ne.'"

Iska ta kaɗa busassun ganyen ɗorawar.

"Ya rungume shi a ƙirji kamar jariri, ya fita. Amma ba hanyar da kuka zo ya bi ba."

Ikhlas ta yar da addar ta kwasa da gudu. Hapsatu ta bi ta, zane na harɗe ta, tana tuna jar laka a takalmi, da jajayen idanu, da farin tafin hannu. Ashe warin yau ba a kanta yake ba.

*

Rana ta yi ja sanda suka iso gida.

Ikhlas ce a gaba, sai ta ci birki a bakin zana har uwar ta yi karo da bayanta.

A kan gadon karan da Hapsatu ke shanya ƙorai, tsakanin babbar ƙwaryar nono da ludaya, ga farar roba an kife. An wanke ta tas, ruwa na ɗiga daga bakinta. Murfin na gefe. Filastar na nan manne, ruwa ya ɗan narkar da rubutun, amma ana karantawa.

Fartanya na jingine a bayan murhu, inda take zama.

Jumare na tsaye a bakin rumfa ya dogara sanda, ya yi alwala, ya sa farar rigarsa ta Juma'a alhali ranar Laraba ce. Rabon da su ga fuskarsa a sake haka tun kafin ciwon.

"Kun dawo daga dubiyar?"

"Baffa..." Ikhlas ta ɗaga robar, ta leƙa ciki kamar za ta ga wani abu. "Baffa, ina abin da ke ciki?"

"Na ji ku ta bayan zana ɗazu. Da na yi niyyar in yi shiru, in bar innarki da sirrinta. Sai na ga za ku yi ta wahalar nema, shi ya sa na fito da ita."

"Ka ji mu? Ka ji abin da Sista ta ce, ka bar mu muka tafi?"

"Na ji. Ai tun hantsi bakin alƙalami ya bushe."

Ya juya ga matarsa. Hapsatu ta durƙushe a wurin, ta kasa ɗaga kai.

"Malam, ka yafe mini. Ni na jawo. Da na kai..."

"Tashi. Kullum in na kwanta sai in ga samari sun zagaye ni suna leƙe, in rasa da me zan rufe jikina. Ban faɗa wa kowa ba. Ashe kin riga kin rufa mini asiri tun ranar farko." Ya gyara riƙon sandarsa. "Shekara talatin da huɗu, ba ki taɓa yi mini abin da ya kai wannan ba. Allah ya yi miki albarka."

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Albarkar nan ta sauka a kanta da nauyi, ta fashe da kukan da ta riƙe sati bakwai.

"Kuskurenki ɗaya," ya ce a hankali. "Ba a binne mutum a cikin roba. Shi ya sa ya kasa kwanciya, yake ta kirana. Na wanke shi, na sa masa sabon ƙyalle."

"Baffa, ka saurare ni." Ikhlas ta kama gefen rigarsa da hannu biyu. "Yau ne fa kawai. Awa nawa ne? Wataƙila bai lalace ba, wataƙila Sista ta ce zai yi. Ba don kallo ba ne, wallahi ba don kallo ba ne, don a san ko ciwon na nan a jikinka ne. Ka faɗa mini wurin, ni zan tono da hannuna, ba wanda zai gani."

"Ba a tono a can."

"A ina? Inna, ki yi masa magana! Ke yake ji!"

Hapsatu ta ɗago fuska jiƙe da hawaye. Tunda take ba ta taɓa tsayar da idonta cikin nasa ba sai yau.

"Malam, don girman Allah. Ni na fara, ka bar ni in gyara. Ina ka kai shi?"

Daga masallacin unguwa aka ɗaga kiran magariba. Jumare ya saurara har ladan ya kai ƙarshen kabbara, sannan ya gyara hularsa, ya zare rigarsa daga hannun 'yarsa a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Inda za ku kai sauran," ya ce.

Ya juya ya fuskanci gabas.